Lashe-Gishiri

Shekara talatin da ɗaya kakana Orazbay ya yi yana auna ƙasa
a Moynaq, inda teku ya tattara nasa-ya-nasa ya tafi,
ya bar jiragen ruwa durƙushe a rairayi
kamar raƙuman da mai su ya manta.
Da ya ajiye aiki sai ya sayo littafi mai koren bango,
ya ce tunda wannan duniyar ta ƙi jin magani
bari ya ƙago wata.

Daga shekara miliyan tara bayanmu ya fara.
Ba mutum, ba auduga, ba injin ban ruwa.
Na zaci dodo zai zana, mai haƙora sahu uku.
Sai ya ɗiga ɗigo ɗaya da tsinin fensir,
ya ce, Tazagul, gaishe ta,
ita ce uwar gidan nan.

Lashe-Gishiri ya raɗa mata.
Dubunta ba su cika ramin allura ba.
Ba ido, ba baki, ba wanda take kira nata.
A cikin ƙwayar gishiri take haƙa ɗaki,
ta rufe ƙofa tun hantsi,
ta kwanta kamar ta mutu.
Can cikin dare, in raɓa ta yi kuskuren sauka,
sai ta miƙo zare guda, siriri,
ta sha rabin ɗigo,
ta ɓoye rabi don gobe.

Na ce, me take ci?
Ya nuna taga da haɓa.
Tsatsa, in ji shi. Jikan jikan tsatsar jirgin ubana.
Kifin da muka kama ya ƙare,
to bari wani ya ci jirgin.

Shafi bakwai ya ɓata a kan yadda take haihuwa,
alhali ba wata haihuwa ba ce,
tsagewa take gida biyu,
kowace ta ɗauka ita ce babba.
Shafi na takwas ya yage, ya ce ƙarya ta yi yawa.
A na tara zararrukan suka fara taɓa juna a duhu,
ta gabas ta ranta wa ta yamma ruwa,
ba shaida, ba rubutu,
bashi yana yawo a ƙarƙashin ƙasa
har ya zama tabarma ja mai faɗin gari.
Iska ta zo ɗiba kamar yadda ta saba,
ta tarar an ɗinke ƙasar.

Daga nan abin ya fi ƙarfinsa.
Wata tsutsa ta koyi kiwo a tabarmar,
wani ɓera mai faffaɗan dagi ya koyi tonon tsutsar,
ita kuma Lashe-Gishiri ta koyi ɗaci
don a rage mata ci.
Kaka na tari yana dariya,
wai bai koya mata wannan ba.

Wata laraba na tambaye shi abin da ke cina.
Tekun fa, yana dawowa?
Ya feƙe fensir har ya kusa ƙarewa.
Ya ce ita ba ta san an yi teku ba,
kuma ba ni zan faɗa mata ba.

Haushi ya sa na dire kofin shayi a kan shafin.
Da na ɗaga, ga zobe mai ruwan ƙasa
daidai tsakiyar tabarmarsa.
Na jira faɗa.
Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo,
sannan ya jawo ma'auni ya gwada faɗin zoben,
ya rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe,
kududdufi na farko, zurfinsa bai kai idon sawu ba,
ya miƙo mini fensir
ya ce in nemo wanda zai fara sha.